Lafiya Uwar Jiki: Maganin Ciwon Mara da Mai Juna Biyu

Murɗawar marar nan da ke kwantar da ke lokacin al'ada, sinadarin furostagilandin ne ke jawo ta. Jiki ke haɗa shi daga kitse, shi ke matse mahaifa, har ranar naƙuda. Ibuprofen da diclofenac rage shi suke yi, shi ya sa kike samun sauƙi.

To amma in kin samu ciki, ajiye su. Ƙodar ɗan cikin naki ma tana buƙatar sinadarin. A 2020 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa daga mako 20 suna iya rage ruwan da yake kwance a ciki. In baya ya matsa miki, kar ki aiki yaro kemis, je ki awo ki faɗa wa likita.