Ba Bikin Fatalwa Ba Ne, Zumunci Ne

Jama'a, kowace shekara idan watan Oktoba ya zo ƙarshe, sai a ga hotunan yaran Amurka sanye da kayan dodanni da ƙoƙon kan mutum, ana cewa bikin Halowin ne. Daga nan wasu kan yanke hukunci cewa Kirista na bauta wa matattu. Wannan kuskure ne, kuma ya kamata a gyara shi, domin rashin sani ya fi dare duhu.

Asalin kalmar Halowin a tsohon Turanci shi ne jajiberin ranar tsarkaka. Ranar kuwa ita ce 1 ga Nuwamba, wadda 'yan ɗariƙar Katolika suka keɓe don girmama bayin Allah da suka yi imani cewa sun shiga aljanna. Paparoma Giregori na 3, wanda ya yi mulki daga shekarar 731 zuwa 741, shi ne ya keɓe wani ɗakin sujada a majami'ar Bitrus da ke Rum domin dukan tsarkaka. A ƙarni na 9 aka baza ranar a ƙasashen Turai.

Abin lura a nan shi ne, sanannun tsarkaka kowa yana da ranarsa a kalandar coci. Wannan rana kuwa ta haɗa har da waɗanda ba wanda ya rubuta sunansu, watau manomi, da gwauruwa, da mai ɗaukar kaya, waɗanda suka rayu da tsoron Allah suka mutu ba a buga musu tambari ba.

Kashegari, 2 ga Nuwamba, ita ce ranar yi wa matattu addu'a. Odilo, shugaban gidan sufaye na Kuluni a Faransa, shi ya kafa ta wajen shekaru dubu da suka wuce. Katolika sun yi imani cewa akwai rayukan da suka mutu cikin alherin Allah amma da sauran tsarkakewa a gabansu, kuma addu'a da sadakar masu rai tana amfaninsu. A shekarar 1915, da gawawwakin Yaƙin Duniya na 1 suka yi yawa, Paparoma Benedik na 15 ya yarda kowane limamin coci ya yi sujada sau uku a ranar. A ƙasashe irin su Folan da Filifin, iyalai kan cika maƙabartu, su share kaburbura, su kunna kyandir.

To, ina bautar matattu a nan? Wanda ake roƙa wa gafara ai ba abin bauta ba ne, mabukaci ne. Ko cikin Kirista ma akwai ɗariƙun da ba su yarda da wannan koyarwa ba, kuma haƙƙinsu ne. Amma ƙin yarda dabam, ƙage dabam.

Ni a ganina, 'yan kasuwa ne suka sace jajiberin suka mai da shi cinikin alewa da tufafin ban tsoro. Laifin da ke kan Katolika shi ne idan suka bar 'ya'yansu suka san dodon, ba su san kabarin kakansu ba. Mu kuma maƙwabta, a Kaduna ko Jos ko Legas, idan muka ga sun nufi maƙabarta a farkon Nuwamba, mu san cewa zumunci suka je sadarwa. Allah ya ba mu zaman lafiya, amin.