Kibiyar Saƙa: Giɓi a Nazarin Sana'o'in Hausawa

Duk ɗalibin da ya yi kwas ɗin sana'o'in gargajiya zai iya jero kayan aikin masaƙi: allera, ƙoshiya, kwarkwaro, matsefi. Amma a tambaye shi da me mahaifiyarsa ta saƙa masa hular sanyi yana jariri, sai ya yi shiru. Kalmar saƙa guda ce ta tattaro aikin masaƙa da na kwarashi da na kibiya, sai dai bincikenmu ya karkata ga na farkon. A ra'ayina, kibiyar saƙa ta cancanci nazari, kuma ƙofar shigarsa ita ce tambayar da ake gani ƙarama: da me aka yi ta?

Tarihin wannan sana'a a wasu ƙasashe ya nuna nauyin tambayar. A Turai an daɗe ana ƙera kibiyoyin da ƙarfe ko ƙashi ko itace, masu hali kuma su yi amfani da na hauren giwa ko na ƙoƙon kunkurun teku. Ƙarni na 20 ya zo da roba da alminiyam, waɗanda suka rahusa su har suka shiga kowane gida. A 1989 yarjejeniyar CITES ta haramta cinikin haure tsakanin ƙasashe. A yau kibiyoyin gora daga Japan da Sin sun samu kasuwa. Kowane sauyi a nan shaida ne kan ciniki da masana'antu da matsayin mutane.

Haka kuma abin da aka yi kibiyar da shi yana sarrafa hannun mai aiki. Ta ƙarfe santsi gare ta, zare na zamewa a kanta da sauri, don haka gwanaye ke son ta, ko da yake tana sanyaya yatsu da hunturu. Ta gora ko itace tana riƙe zare, madaukai ba su suɓucewa, amma siririyarta kan karye. Ta roba ba ta da nauyi, ta dace da zare mai kauri, sai dai tana lanƙwashewa.

A gidajenmu, 'yan mata da yawa da tsinken tsintsiyar kwakwa suka fara koyon saƙa, wasu kuma suka wasa bakin sifok ɗin keke a dutse suka mai da shi kibiya. A ido, wannan dabarar mai rashi ce. Amma tsinken tsintsiya yana riƙe zaren ulu kamar yadda gora ke yi, wato abin da mai koyo ke bukata ke nan. Shi kuwa sifok, kaurinsa kimanin milimita 2 ne, saboda haka saƙarsa takan fito a matse. Ashe akwai ilimi a cikin zaɓin, kuma yana bayyana a jikin hula da safar jarirai.

Wani zai ce sana'ar baƙuwa ce, ba ta cikin gadonmu. Keken ɗinki ma baƙo ne, amma ba wanda ya cire tela daga jerin masu sana'a. Harshen kansa ya riga mu yanke hukunci: ya aro kwarashi daga Ingilishi, ya kuma faɗaɗa ma'anar kibiya daga makamin maharbi zuwa kayan aikin mace a tsakar gida. Aro da faɗaɗa ma'ana a cikin sana'a guda abinci ne ga mai nazarin ƙirar kalma da ma'ana.

Lokaci kuwa ba ya jira. Rigunan sanyi na gwanjo da keken saƙa suna rage masu saƙar hannu, kuma tsofaffin da suka san sunayen salo da kayan aiki suna tafiya da saninsu. Ina kira ga sassan Hausa su tura ɗaliban shekarar ƙarshe Kano da Sakkwato da Damagaram, su tattara sunan kowace kibiya, da abin da aka yi ta da shi, da inda ake samo ta. Kalmomin su shiga bugu na gaba na Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero, wanda ya fito a 2006, kibiyoyin kuma, har da na sifok, a nema musu wuri a Gidan Makama.