Agogo Mai Lokaci Biyu: Inda Gyara Ya Zama Ɓarna

Duk wanda ya saba kama tashoshin ƙasashen waje a rediyo ya san haruffan nan uku, GMT. Kafin a soma karanta labarun duniya sai mai gabatarwa ya ce ƙarfe kaza agogon GMT, watau ƙarfe kaza agogon Nijeriya da Nijar, kowa kuwa ya san awa ɗaya ce tsakani. Asalin al'amarin shi ne wani taro da wakilan ƙasashe 25 suka yi a birnin Washinton cikin shekarar 1884, inda aka amince a ɗauki layin da ya ratsa Greenwich, wata unguwa a gefen Landan, ya zama mafarin awon duniya gabas da yamma. To, waɗannan haruffa su ne aka rubuta a fuskar wani agogon hannu wanda aka ƙera don ma'aikatan jirgin sama, yau kuma attajiran Turai da Amurka da Asiya ke ribibinsa a wuraren gwanjo. Ba gwanjon tsofaffin riguna ake nufi ba, wanda ake tayawa ne ana cewa wa zai ƙara.

Cikin shekarun 1950 jiragen fasinja suka ƙara cin dogon zango, jirgi ya tashi daga wata nahiya ya sauka a wata. Matuƙi kuwa da lokacin GMT yake lissafin tafiyarsa, da shi yake magana da ma'aikatan filayen jirgi, amma kuma dole ya san ƙarfe nawa ne a garin da ya sauka. Tun cikin 1931 wani gwanin maƙerin agogo na birnin Janiba ta ƙasar Suwizalan, mai suna Louis Cottier, ya fito da dabarar nuna lokutan manyan biranen duniya a fuska guda, kamfanin Patek Philippe kuma ya yi amfani da ita. Sai dai wannan na zinariya ne, na masu hannu da shuni. Kamfanin Glycine ya fitar da nasa, mai suna Airman, cikin 1953. Amma wanda ya yi fice shi ne GMT-Master na kamfanin Rolex, mai lamba 6542, wanda ya shiga kasuwa wajen 1955, kamfanin jiragen sama na Amurka da ake kira Pan Am kuma ya ɗauke shi ya zama agogon matuƙansa. Ba a daɗe ba, a watan Oktoba na 1958, kamfanin ya soma jigila tsakanin Niyok da Faris da jirgin Boeing 707.

Dabarar ba ta da wuyar ganewa. Ban da hannuwan nan uku da aka saba gani, na awa da na minti da na daƙiƙa, sai aka ƙara na huɗu, ja, mai kai kamar kibiya, wanda ke zagaya fuskar agogo sau ɗaya tak cikin awa 24. A bakin gilashi kuma akwai zobe mai juyawa, an rubuta masa lambobin awa 24, rabinsa ja don rana, rabinsa shuɗi don dare. A misali, mutum yana Kano ƙarfe 12 na rana, yana so ya riƙa sanin lokacin Jidda, wadda ke gaba da awa biyu. Sai ya murɗa zoben har lamba 14 ta zo daidai kan kibiyar. Shi ke nan, daga nan hannuwan da aka saba suna ba shi lokacin Kano, kibiya tana ba shi na Jidda. Saboda launin ja da shuɗin nan ne masu tara agoguna suka laƙaba masa suna Pepsi.

Agogo sarkin aiki ne, haka kuwa masu shi suka ɗauke shi a wancan zamani. Gilashi ya fashe a sake, zobe ya koɗe a sake, jiki ya ƙuje a kai a goge. Samfurin da ya biyo baya, mai lamba 1675, an yi ta ƙera shi daga 1959 har 1980, sojoji da injiniyoyi da 'yan kasuwa suka saya suka mora. Ana nan sai kamfanin Seiko na Japan ya fitar da agogo mai batir a ƙarshen 1969. Kafin a jima irinsa ya cika duniya, ga araha, ga shi ya fi mai wani riƙe lokaci daidai. Ma'aikatan agogo a Suwizalan, waɗanda suka kai kimanin 90,000 cikin 1970, suka koma wajen 30,000 a tsakiyar shekarun 1980. Abin mamaki, a daidai wannan lokaci da aka ɗauka agogo mai wani ya mutu, sai wasu masu kuɗi, musamman a Italiya, suka fara tara tsofaffinsa kamar yadda ake tara kayan tarihi.

A nan ne lissafi ya juya. Mai tara agogo ba lokaci yake saye ba, domin wayar da ke aljihunsa ta fi kowane Rolex faɗin lokaci daidai. Abin da yake nema shi ne agogon da ya tsufa ba tare da an taɓa shi ba. Babu abin da ya fi bayyana haka kamar labarin zoben 6542. Zoben farko da wata irin roba mai ƙarfi aka yi shi, wadda ake kira bakalait, an cusa wa lambobinsa sinadari mai haske don a iya karantawa cikin duhu. Robar tana saurin tsagewa, balle a ƙasashe masu zafi. Daɗin daɗawa, a ƙarshen 1959 hukumar kula da makamashin nukiliya ta Amurka ta ba da sanarwa cewa an sami sinadarin sitirontiyam-90, mai fitar da tururi mai cutarwa, a cikin zoben waɗansu daga agogunan, aka nemi masu su da su mayar. Wanda ya bi umurni aka cire masa zoben roba aka sa masa na alminiyam. Wanda ya yi kunnen uwar shegu, ko kuwa labarin bai kai gare shi ba, shi ne yau jikokinsa ke riƙe da dukiya.

An ga misalin haka a wani shirin talabijin na Amurka mai suna Antiques Roadshow, inda mutane ke kawo tsofaffin kayansu masana su ƙiyasta musu kuɗi. A shirin da aka nuna cikin 2016, wani dattijo, tsohon soja, ya kawo 6542 da ya saya cikin 1960 a kantin sojoji sa'ad da yake aiki a Jamus. Dala 120 ya biya, abin da ya fi albashinsa na wata guda. Zoben roba yana nan, akwatin yana nan, rasidi da sauran takardu duk bai yar da ko ɗaya ba. Masanin ya ce a wurin gwanjo zai yi tsakanin dala 65,000 da 75,000, ya kuma bayyana cewa akwati da takardun nan su suka ɗaga kuɗin ƙwarai.

Haka abin yake a kowane ɓangare na agogon. Fuskar da aka yi baƙa, rana da raɓa suka mayar da ita ruwan ƙasa, wadda a da za a ce ta lalace, yanzu ita ake nema ruwa a jallo. Zoben da jansa ya koɗe ya koma kamar ruwan hoda ya fi sabo tsada nesa ba kusa ba. Agogon da aka kai wurin gyara aka sa masa sabuwar fuska da sababbin hannuwa, ko da na kamfanin ne na ainihi, darajarsa ta faɗi. Wanda aka goge jikinsa a inji har kusurwoyinsa suka mulmule, shi ma haka, ƙarfen da ya tafi kuwa ba ya dawowa. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji Hausawa, amma ko su ba su ce zumar da ƙura ta hau ta fi tsada ba.

Idan kuma wani sananne ya taɓa ɗaura agogon, to, har naƙasa ma ado ce. Ɗan wasan sinima Marlon Brando ya ɗaura 1675 a fim ɗin Apocalypse Now na 1979. Bisa ga labarin da 'yarsa ta bayar, masu shirya fim ɗin sun ce ya cire agogon don zai ja ido, shi kuwa sai ya ɓamɓare zoben kawai ya ci gaba da ɗaura abinsa. Ya kuma zana sunansa a bayan agogon da hannunsa. Watau agogo mai lokaci biyu ne wanda ba ya iya nuna lokaci na biyu. Duk da haka kamfanin gwanjo na Phillips ya sayar da shi a Niyok a watan Disamba na 2019 a kan dala 1,952,000, aka sake buga gwanjonsa a Janiba cikin 2023 ya kai kimanin dala miliyan 5. Na Patek Philippe kuwa sun fi haka: wani mai lamba 2523, mai aiki da dabarar Cottier, ya tashi a kan kusan dala miliyan 9 a Hong Kong cikin 2019.

Inda duk tsufa ya zama kuɗi, lalle a sami masu ƙera tsufa. Jabun da ake tsoro a wannan kasuwa ba irin wanda ake tallarsa a tasha ba ne, wanda ko yaro ya ɗaga ya san ba shi da nauyi. A'a, agogo ne da kowane ɓangarensa na gaske ne, sai dai ba tare aka haife su ba: jiki daga nan, fuska daga can, zobe daga wani wuri. Akwai masu jiƙa zobe cikin ruwan bilic don ya koɗe, da masu gasa fuska don ta yi ruwan ƙasa, da masu cike ƙarfen da ya zaizaye da walda su sake fidda kusurwa, sa'an nan su rantse ba a taɓa goge shi ba. Dillalai na gaskiya sukan cire sarƙa su duba lambar da aka zana a gefen jiki, su buɗe murfin baya su ga hatimin shekara, su haska fuskar da fitila ta musamman. Patek Philippe yakan ba da takardar shaida daga kundinsa a kan tsofaffin agogunansa, Rolex kuwa ba shi da wannan al'ada, saboda haka maganar masana ita ce hujja.

Masanan fa su ma ana rufe su. Cikin 2021 aka sayar da wani tsohon Omega Speedmaster a Janiba a kan fiye da dala miliyan 3. Ba mai lokaci biyu ba ne, amma kasuwarsu ɗaya, dillalansu ɗaya. Wanda ya saya shi ne kamfanin Omega da kansa, don ya ajiye a gidan tarihinsa. Cikin 2023 kamfanin ya fito ya ce agogon haɗe-haɗe ne, ya kuma zargi waɗansu tsofaffin ma'aikatansa uku da hannu a ciki. Idan har wanda ya ƙera abu za a iya sayar masa da irin wannan, ina ga wanda ya ga hoto a intanet ya aika da kuɗinsa? Wannan cinikin biri a sama ne. Masu cewa agogo ajiya ce da ba ta faɗuwa su ma sun ga aya, domin farashi ya hau ƙwarai har farkon 2022, daga nan ya yi ta gangarowa, waɗanda suka saya da bashi suna jiran riba suka kwana ciki.

Wanda maganar ta fi shafa shi ne magajin da ya tarar da irin wannan agogo cikin kayan mahaifinsa, ko matuƙin jirgi ne, ko soja, ko wanda ya yi karatu a waje. Abu na farko da zuciya za ta raya masa shi ne ya kai wa mai gyara a wanke, a goge, a sa sabon zobe ya yi ƙyalli. Mai gyaran kuma da kyakkyawar niyya zai yi, don abin da ya koya ke nan, garin gyaran gira a rasa ido. Inji dai yana bukatar wanki da mai, wannan ba ya rage komai. Amma sai a faɗa wa mai gyara tun da wuri kada ya goge jiki, kada ya sake fuska ko hannuwa ko zobe, abin da kuma ya zama tilas a cire a mayar wa mai shi a takarda. Akwati da rasidi, komai yagewarsu, a adana su.

Sai kuma hattara da lafiyar jiki. Agogunan da aka ƙera kafin farkon shekarun 1960, radiyam aka shafa wa lambobinsu da hannuwansu, sinadarin nan da ya hallaka 'yan matan da ke fentin fuskokin agogo a Amurka cikin shekarun 1920, saboda suna lasar bakin buroshi don ya yi tsini. Daga baya aka koma ga tiritiyam mai sauƙin haɗari, shi ya sa ake ganin harafin T a ƙasan fuskar waɗanda suka biyo baya. Cikin 2018 masu bincike na jami'o'in Northampton da Kingston a Ingila suka ajiye tsofaffin agoguna 30 masu radiyam a ƙaramin ɗaki marar iska, suka tarar iskar radon da ta taru ta ninka abin da hukuma ta yarda da shi sau 134. Saboda haka ba a buɗe irin wannan agogo a gida, ba a hura ƙurar fuskarsa da baki, ba a kuma ajiye tarinsu a ɗakin kwana. Fentin ya daɗe da daina haske cikin duhu, amma radiyam ɗin da ke cikinsa sai ya shekara 1,600 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi.