Marubuci, kada mai shagon waya ya zaɓa maka adireshin imel

A Gubuchi, kamar sauran garuruwan Maƙarfi, Ikara da Kudan, matasa da yawa ba su suka buɗe wa kansu Gmail ba. Mai shagon waya ne ke buɗewa don Play Store ya yi aiki, ya laƙaba wani suna da jerin lambobi, wani lokacin ma kalmar sirrin ta tsaya a wurinsa.

Hakan ya isa a sauke TikTok, amma bai dace da mai son rubutunsa ya wuce guruf ɗin WhatsApp ba. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, da aka fara a 2016, a baya ta riƙa karɓar labarai ta imel. Haka ma wakilan marubuta na Landan, masu nema wa littafi kamfanin ɗab'i su ɗauki kashi 15 cikin 100. Kafin su buɗe labari, sunan mai aikowa suke fara gani.

Don haka marubuci ya buɗe sabon adireshi da sunan da zai sa a bangon littafinsa. Gmail ba ya karɓar ƙ, ɗ da ɓ a adireshi, kuma ɗigo ba ya bambanta adireshi da wani, sai a ƙara sunan mahaifi idan an riga shi.

Ya haɗa shi da layin da ke hannunsa, domin amsa kan ɗauki watanni. Wanda ya rasa kalmar sirri, ko an karɓi littafinsa ba zai sani ba.