Lafiya Uwar Jiki: Ina Man da Muke Ci Yake Tafiya?

 

A ƙasar Gumel Allah Ya hore mana mai. Riɗin da ake nomawa a Gagarawa da Sule Tankarkar kusan rabinsa mai ne, haka ma gyaɗa. Ranar Alhamis idan maigida ya dawo daga kasuwar Maigatari, sau da yawa da kwalbar man shanu yake shigowa. Ga kuma manja da ake kawo mana daga kudu. To amma kin taɓa tambayar kanki, man shanun nan da kika yaryaɗa a kan tuwon gero, ina yake zuwa bayan an haɗiye shi? Ya kamata ki sani, domin ludayin a hannunki yake.

Mai da ruwa ba sa haɗuwa, jini kuwa yawancinsa ruwa ne. Don haka jiki yake bi da dabara. Hanta tana haɗa wani ruwa mai ɗaci ta ajiye a matsarmama, wannan da kike cirewa a hankali wajen gyaran kaza don kada ta fashe. Da mai ya isa ƙaramin hanji sai ruwan ya zubo ya tarwatsa shi, kamar yadda sabulu yake yi wa kwano mai maiƙo. Sai wasu sinadarai su daddatse shi, bangon hanji ya tsotse, ya naɗe shi cikin 'yan ƙunshi masu rigar furotin, waɗanda za su iya yawo a cikin jini. Daga nan ko dai tsoka ta ƙona shi a yi aiki, ko a kai shi ma'ajiya ya zama kitse.

Giram ɗaya na mai yana ba da kalori 9, na sitaci ko sukari kuwa kalori 4 ne. Shi ya sa jiki ya zaɓi kitse ya zama rumbunsa. Sukarin da hanta take iya ajiyewa da kyar yake kai kwana ɗaya, amma rumbun kitse ba ya cewa ya cika. Wata za ta ce, "Ni fa ba na cin maiƙo, amma tumbi sai ƙaruwa yake." Yar'uwa, dubi kofin shayinki da lemon kwalba. Duk sukarin da ya wuce buƙata, hanta tana iya juya shi ya koma kitse.

Lokacin azumi ne ake buɗe rumbun. Idan ciki ya daɗe ba abinci, sinadarin insulin yana raguwa, kitse ya fito ya shiga jini, jiki ya yi makamashi da shi. Sai dai mu da kanmu muke mayar da hannun agogo baya, da magariba a jera ƙosai da soyayyen dankali da awara, abin da aka sauke da rana a mayar da shi da dare.

Sai batun kolestarol da kike ji a bakin likitoci. Shi ma dangin mai ne, kuma jiki ba ya rayuwa sai da shi, domin da shi ake gina bangon ƙwayoyin jiki, da sinadaran haihuwa, da ruwan matsarmama. Mafi yawansa ma jiki ne yake haɗa abinsa. Masu dakonsa a jini iri biyu ne aka fi ambata. LDL yana ɗaukarsa daga hanta ya kai sassan jiki, HDL kuma yana kwaso rarar ya mayar. A 1985 wasu likitocin Amurka biyu, Michael Brown da Joseph Goldstein, suka sami kyautar Nobel saboda gano cewa ƙwayoyin jiki, musamman na hanta, suna da wasu ƙofofi da suke janye LDL daga jini. Idan ƙofofin suka yi kaɗan, LDL ya taru, sai ya riƙa liƙewa a bangon jijiya shekara da shekaru, ba ciwo ba zazzaɓi, har ranar da hanya ta toshe. Idan ta zuciya ce, bugun zuciya; idan ta ƙwaƙwalwa ce, shanyewar ɓarin jiki. Wasu gadon ƙarancin ƙofofin suke yi, saboda haka siririya ma ba ta tsira ba.

Wane mai ne yake rage waɗannan ƙofofi? Sanyin hunturu zai nuna miki. Wanda ya daskare, kamar kitsen nama da man shanu, shi ne abin lura. Fiye da rabin man shanu irin wannan ne, manja kuma kusan rabi. A man gyaɗa da man riɗi bai fi kashi ɗaya cikin biyar ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada mai daskarewa ya wuce kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincinmu na yini. Mafi muni shi ne man da masana'anta take daskarar da shi da gangan, wanda a 2023 Nijeriya ta fitar da dokar NAFDAC da ta hana ya wuce giram 2 a kowane giram 100 na mai.

Ban ce ki kori mai daga madafa ba. Bitamin A, D, E da K ba sa shiga jiki sosai sai da mai, kuma jan manjan da ba a ƙona ba yana taimakon idon yaro. Kusan rabin ƙarfin nonon uwa daga mai yake, kuma ya fi yawa a ƙarshen shayarwa, don haka ki bar jariri ya gama da ɗaya kafin ki juya shi. Yaro ɗan ƙasa da shekara 2 ba a rage masa mai.

Ga manya kuwa, ki riƙa auna mai da cokali maimakon tuttulawa daga kwalba. Man da ya taso saman miya, ki kwashe. Wanda aka yi ta suya da shi har ya yi baƙi, ki haƙura da shi. Ki yawaita wake da kuɓewa da zogale, domin abinci mai yauƙi da harza yana kama ruwan matsarmama ya fita da shi, dole hanta ta ɗebi kolestarol ta haɗa sabo. Ƙwayoyin ƙiba da ake kira "sha ka fashe" kuwa, ki nisance su, ki hana 'yan matanki. Wasunsu kitse suke tarawa a fuska da ciki, su hau da sukari da jini.

Idan ke ko maigida kun haura shekara 40, ko akwai wanda ciwon zuciya ko shanyewar jiki ya kama da wuri a danginku, ku je asibiti ku nemi gwajin kitsen jini tare da awon jini da na sukari. Wanda likita ya ɗora a kan magani, kada ya daina don ya ji garau.

Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya. Sai wata mai zuwa idan Allah Ya kai mu.