Wasan Tauri Daban, Maganin Bindiga Daban

Kowace shekara in watan Rabi'ul Awwal ya kama, mutanen Daura su kan yi Sallar Gani. Sarki ya hau, hakimai su zo da jama'arsu daga Zango da Baure da Mai'aduwa da Sandamu. Cikin masu tafiya a ƙasa ba a rasa 'yan tauri, ga su da guraye da kambuna, ana kiɗa suna kirari, suna goga wuƙa a ciki da wuya, wuƙa kuwa ta ƙi kamawa. Wani ya lanƙwasa ta, wani ya karya ta ya yar. 'Yan makaranta suna gefe sun saki baki.

Mu dai ba mu da ƙorafi a kan wannan wasa. Gado ne, yana da makaɗansa irin su Kassu Zurmi, ba kuwa za mu so a wayi gari a ce ya ɓace ba. Abin da ya dame mu shi ne cinikin da ke bayansa. Akwai mutanen da ke gaya wa samari cewa jarumtaka iri biyu ce, ta hannu da ta asiri, wai ta asirin ita ce babba, kuma ana sayar da ita a ƙullin leda. Da maganin ƙarfe ake farawa, a ƙare da maganin bindiga. Yanzu ma abin ya sami ƙari, don yara suna ganin hotunan waɗansu malaman faɗa na ƙasashen Sin da Japan a wayar hannu, masu cewa akwai wani ƙarfi ɓoyayye a jikin mutum wanda in ka iya tara shi za ka ka da abokin gaba ba tare da ka taɓa shi ba. Yaro ya ga wannan, ya ga na ƙofar fada, sai ya ce ashe duniya duka ta yarda.

To, bari mu duba yadda duniyar ta ƙare da shi.

A ƙasar Sin, cikin 1899 da 1900, wata ƙungiya ta tashi wadda Turawa suka laƙaba wa suna 'Yan Dambe. Su kan haɗa koyon faɗa da surkulle, har mutum ya fita hayyacinsa kamar mai bori, sa'an nan a ce masa harsashi ba ya huda shi. Suka kewaye unguwar jakadu a Beijin kwana 55. Cikin watan Agusta na 1900 sojojin ƙasashe 8 suka shiga birnin, harsashi kuwa bai tambayi kowa abin da ya karanta ba. A Tanganyika, watau Tanzaniya ta yau, wani boka mai suna Kinjikitile ya raba wa mutane ruwan tsari a 1905, ya ce zai mai da harsashin Jamusawa ruwa. Mutanen nan suna da gaskiya a kukansu, gama zalunci ake yi musu a gonakin auduga, amma gaskiyarsu ba ta hana bindiga mai ruwa kakkaɓe su a Mahenge ba. Kafin yaƙin ya ƙare a 1907 dubban dubatar mutane sun halaka, yawanci da yunwa. Ba ma sai mun tafi nesa ba. Dattawanmu suna tune da Disamba ta 1980 a 'Yan Awaki ta Kano, inda almajiran Maitatsine suka fito da layu suna ganin ba abin da zai same su, aka rasa rayuka fiye da 4,000.

Malaman faɗan wayar hannu kuwa, an gwada ɗayansu a birnin Cengdu a 2017. Ya shahara ƙwarai, har an nuna shi a talabijin yana abubuwan mamaki. Aka haɗa shi da wani ɗan damben zamani, ba a cika rabin minti ba yana ƙasa yana kare kansa. In ka ji ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba.

A nan ne muke ganin dambenmu ya fi tauri gaskiya. Ɗan dambe ma ya kan ɗaura laya, ya sha rubutu, ya yi wanka da saiwoyi. Amma filin dambe ba ya karɓar labari. An naɗe hannu, an ja daga, wanda ya kai ƙasa an kashe shi ke nan, ko da layarsa ta kai ɗari. Shagon da Ɗan Anace ya waƙe, a gaban jama'a ya yi sunansa, da abokan karawa waɗanda su ma ba su zo hannu sake ba. Ɗan tauri kuwa da wuƙarsa ya kan zo, shi ya san ƙarfen da aka ƙera ta da shi, shi ya san gefen da ya wasa da wanda ya bari, shi ne kuma mai riƙe da ƙotar. Duk mahauci ya san wuƙa ba ta yanka sai an danna an ja. Wannan gwaninta ce, mun kuwa yaba mata. Amma gwanintar da ke hannun mai wasa ba ta shiga cikin garin magani balle a sayar wa wani.

Har a labarin kafuwar gidan nan ma, da Bayajidda zai tunkari macijiyar Kusugu, ba a ce ya sha wani abu don kada ta sare shi ba. Cewa aka yi ya biya ta Gaya maƙera suka ƙera masa makami.

Wani zai ce tsafi gaskiyar mai shi, a bar kowa da imaninsa. Da a ce abin ya tsaya ga mai shi da mun yi shiru. Amma a farkon 2018 'yan sanda sun kama wani mai magani a Jihar Katsina bayan an harbe wani saurayi har lahira wajen gwajin maganin bindigar da ya ba shi. Ga shi kuma shekarun nan ɓarayin daji sun addabi yammacin jihar, wajen Batsari da Jibiya da Faskari, samari da yawa sun shiga aikin sa kai, Gwamnati ma ta kafa rundunar tsaron al'umma a watan Oktoba na 2023. Yaron da ya yarda harsashi ba ya cinsa ba zai kwanta a bayan tudu ba, tsaye zai yi, ya jawo wa na kusa da shi. Harsashin bindigar da ɓarayin nan ke riƙewa yana fita da gudun mita 700 cikin sakan ɗaya, ninki biyu na gudun ƙara, yana kuwa ratsa ƙofar mota. In an kawo gawa, mai magani ba ya rasa ta cewa: ai marigayin ne ya karya sharaɗi, ya ci abin da aka hana shi, ko ya waiwaya. Ba mu taɓa jin wanda ya mayar da kuɗi ba.

Malaman makaranta, wannan darasi naku ne, kada kuwa ku yi shi da zagi ko raini, don cikin ajinku akwai 'ya'yan 'yan tauri. Ku kawo wuƙa da kabewa, ku nuna wa yara bambancin dannawa da ja, su gani da idonsu. Ma'aikatan ƙananan hukumomi kuma, ku ne kuka gaji littattafan kasuwa tun zamanin En'e, ku ke yanka wa mai shimfiɗa tabarmar magani rasit a Mai'aduwa ran Lahadi. Muna ba da shawara ga Majalisar Sarki da shugabannin hukumomin nan 5 na ƙasar Daura, duk mai son sayar da maganin ƙarfe ko na bindiga a kasuwa a ɗora masa sharaɗi guda. Ya sayi rago da kuɗinsa, ya ɗura masa maganin, ya rataya masa layun yadda ya ga dama, ya ba shi kwanakin da ya ce magani na bukata. Ran kasuwa a kira Sarkin Fawa ya zo da wuƙarsa.