Gatarin aradu ba daga sama ya faɗo ba

Duk wanda ya tashi a karkarar Damagaram, ko yake zuwa hutu wajen kakanni, ya san gatarin aradu. Ɗan dutse ne mai sulɓi, bakinsa a wase, ana tsintarsa a gona bayan ruwa ya wanke ƙasa. Aka ce mana aradu ce ke jefo shi, har wasu tsofaffi na ajiye shi don magani. To, ba aradu ba ce. Mutum ne ya zauna yana goga dutse a kan dutse kwana da kwanaki har ya yi baki, ya ɗaura masa ƙota, ya sari itace da shi, shekaru dubbai kafin a san ƙarfe. Kuma a nan ya yi, a ƙasar da muke takawa.

A lakwal an koya mana inda wayewa ta fara. Mun hardace Mesofotamiya, ƙasar Iraƙi ta yau, inda aka fara rubutu a kan laka fiye da shekara 5,000 da suka wuce, inda kuma aka gado lissafin sittin-sittin da agogonmu ke bi har gobe. Mun hardace dalar Giza ta Masar wadda asalin tsawonta mita 146 ne. Duk gaskiya ne, kuma ya kamata a sani. Amma ka je kowace fada a Zango ko Birni ka tambayi samari me ke Termit. Mai sani zai ce maka namun daji, ko ya ce hanyar fetur ce.

Alhali duwatsun Termit, can wajen Tasker a arewa maso gabashin jiharmu, suna cikin wuraren da masana tarihin ƙarfe na duniya ke muhawara a kansu. Tun shekarun 1970 masu bincike, cikinsu har da Bafaranshe Gérard Quéchon, suka tarar da guntayen ƙarfe da kufan tanderun narka tama a wurin. Wasu sun kai shekarun ƙarfen zuwa 1500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wasu sun ce an yi zari. To mu ɗauki lissafin masu rowar: tanderun sun haura shekara 2,500. Narka tama fa ba wasan yara ba ne. Sai ka gane dutsen da ke da ƙarfe a cikin sauran duwatsu, ka ƙona gawayi mai ƙarfi, ka gina tanderun yumɓu da ba zai tsage ba, ka yi ta zuga har zafi ya wuce digiri 1,100, sannan ka raba ƙarfe da kashin maƙera. Kuskure ɗaya, aikin kwanaki ya tafi. Wanda ya iya wannan ba shi da littafi, amma yana da ilimi, kuma ya koya wa ɗansa.

Ba gasa muke da Masar ba. Mutanen Termit ba su gina dala ba, ba su bar rubutu ba, kuma ba mu da hujjar cewa su ne kakannin wani gida a Damagaram. Abin da muke cewa shi ne, tarihin ƙasar nan bai fara da Sarki Tanimu da ganuwar Birni ba. Daular Damagaram duk da girmanta ba ta wuce shekara 300 ba. Ko Kufan Kanawa, tsohon birni mai ganuwa da ke nan jiharmu, wanda ake cewa daga can mutanen Kano suka tashi, ya girme ta. Mu nawa muka taɓa zuwa?

Idan aka ƙara gaba zuwa Tenere, a jihar Agadas, akwai Gobero. A shekarar 2000 wani Ba'amurke, Paul Sereno, ya je neman ƙasusuwan manyan dabbobin da suka ƙare, sai ya faɗa kan maƙabarta mai kabari kusan 200, mafi tsufa sun doshi shekara 10,000. Inda yau babu ko ɗigon ruwa, a lokacin tafki ne, mutane na sukar giwan ruwa da mashin ƙashi. An sami wata yarinya da awarwaron hauren dorina a damtsenta. An sami mace da yara biyu a kabari ɗaya, suna fuskantar juna, hannuwansu a haɗe, kuma binciken ƙasar wurin ya nuna alamar an shimfiɗa musu furanni. Wanda ya yi wannan jana'iza bai ɗauki mutuwa abin banza ba. Ya yi kuka irin namu.

Mun san abin da wasu za su ce: kayan jahiliyya ne, ina ruwan Musulmi? Wannan magana ta fi kowace cutar da mu, don ita ke sa mutum ya fasa tukunya ko ya sayar da mutum-mutumi zuciyarsa fes. Sanin abu daban, bauta masa daban. Alƙur'ani kansa cike yake da labarin al'ummomin da suka shuɗe, don a lura. Jami'ar Azhar da dalar Giza kusan gari ɗaya suke, shekara fiye da dubu, kuma ba mu ji an ce imanin Misirawa ya ragu saboda suna gadin kayan Fir'auna ba. Kuɗi ma suke samu da su.

Mu kuwa ga abin da ya faru da namu. A Bura, wajen Tera, an gano wata maƙabarta a 1975, kuma masanin ƙasarmu Boubé Gado ya tona ta a 1983, ya fito da tulunan binne mamaci da kawuna da mahayin doki, duk na yumɓu. Da aka nuna su a Faransa a 1993, dillalai suka farga. Kafin a ce kwabo, ƙauyuka sun koma ramuka. Zuwa shekarar 2000 kayan Bura sun shiga jan jerin kayan tarihin Afirka da ake sacewa. Manomi ya karɓi jika biyu ko uku, kayan sun ƙare a falon wani attajiri a Turai. Abin takaici ma shi ne, ko an dawo da su gobe, rabin labarin ya mutu, domin masani da gawayi da ƙashin da ke gefen tukunya yake gane shekarunta. Ka ɗaga ta daga inda take, ka yage shafin.

Doka tana nan, mai lamba 97-022 ta 1997, wadda ta hana tono da fitar da kayan tarihi ba da izini ba. Amma doka a takarda ba ta gadin daji. Tun da zinariyar Jado ta ɓulla a 2014 samarinmu ke ratsa hamada da na'urar neman ƙarfe, ga hanyoyi da bututun fetur ana ta shimfiɗawa. Kowace katafila da ta wuce ba a duba gabanta ba, Allah kaɗai ya san abin da ta niƙe.

Don haka muna kira ga hukumomin jiha su wajabta wa duk kamfanin da zai yi babban tono ya bar masana su riga shi shiga, kuma a aljihunsa. Jami'ar André Salifou tana nan a garinmu, bai kamata ɗalibin tarihi ya gama ba tare da ya taka Kufan Kanawa ba. Gidan tarihin Damagaram ya sa bayani da Hausa, don tsohuwar da ba ta jin Faransanci ita ma jikanta ya karanta mata. Malamanmu kuma, kalma ɗaya daga bakinku a wajen wa'azi ta fi takardar gwamna tasiri a ƙauye.

Kai kuma da ke karanta wannan a wayarka, in ka ci karo da tarin kasake, ko kashin maƙera a inda ba a san maƙera ba, kar ka tona, kar ka kwasa. Ɗauki hoto, ka riƙe sunan wurin, ka sanar da mai gari da ma'aikatar al'adu. In kuma akwai gatarin aradu a ɗakin kaka, tambaye ta gonar da aka tsince shi, ka rubuta tun tana iya tunawa.